Rimot, tafi biyu da tsohon faifan CD: abubuwan da wayarka za ta iya aunawa

Ɗauki rimot ɗin talabijin, ka buɗe kyamarar wayarka, ka saita bakin rimot ɗin ya kalli kyamarar, sannan ka danna kowane maɓalli ka riƙe. Da idonka ba za ka ga komai ba. A fuskar wayar kuwa za ka ga ɗan ƙwan da ke goshin rimot ɗin yana ƙyafta haske fari mai sirkin shunayya. Masu gyaran kayan lantarki sun daɗe da sanin wannan dabara, da ita suke raba gardama tsakanin rimot da ya mutu da talabijin da ya daina ji.

Dalilin yana cikin tsawon zangon haske. Idon ɗan Adam yana kama haske ne daga wajen nanomita 380 zuwa 750, wato daga shunayya zuwa ja. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ƙwan rimot yana fitar da nasa a wajen nanomita 940, ya wuce iyakar ja, shi ya sa ido ba ya ganinsa. Amma farantin silikon da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara yana ji har zuwa wajen 1100. Kamfanonin waya sun san haka, don haka suke ɗora ɗan gilashi mai tace wannan haske a gaban farantin, don kada ya ɓata launin hotuna. Tacewar ce ba ta cika ɗari bisa ɗari, abin da ya tsere mata shi kake gani.

In ka gwada ba ka ga komai ba, kada ka yi saurin yanke wa rimot hukunci. Kyamarar baya a wayoyi masu tsada takan zo da matata mai ƙarfi, sai ka juya zuwa kyamarar gaba, wadda galibi tata matatar ba ta kai haka ba. Ka rage hasken ɗaki, ka matso da rimot ɗin kamar santimita 10 daga kyamarar. Sannan akwai rimot na sababbin talabijin da akwatunan kallo da ke aiki da Bluetooth. Irin waɗannan ko lafiyarsu ƙalau ba lallai su haska ba, wasu maɓallin kunnawa kaɗai ke aika haske. Haka kuma ganin hasken yana nuna cewa batir da ƙwan suna da rai ne kawai, bai nuna cewa rimot ɗin yana magana da yaren da talabijin ɗinka yake ji ba.

Ƙyaftawar da kake gani ma ba ita ce ainihin ƙyaftawar ba. Ƙwan yana kunnuwa yana mutuwa sau 38,000 a sakan ɗaya a yawancin rimot, wasu 36,000, na Sony 40,000. An yi haka ne don na'urar da ke cikin talabijin ta bambance saƙon rimot da hasken rana ko na fitila, waɗanda su ma suna ɗauke da irin wannan haske amma ba sa bugawa da wannan saurin. Babu kyamarar waya da za ta kama wannan. Abin da take nuna maka maimaicin saƙon ne: a tsarin saƙon rimot na kamfanin NEC, wanda ya fi yaɗuwa, rimot yana sake turo alama kusan sau 9 a sakan muddin yatsanka na kan maɓalli.

Kyamara ita ce na'urar da kowa ya sani. Sauran suna ɓoye, kuma sai da manhaja ake ganin lambobinsu tsirara. Wadda na fi yarda da ita ita ce phyphox, wadda Jami'ar RWTH Aachen da ke Jamus ta fitar a 2016. Kyauta ce, babu talla, tana kan Android da iPhone, kuma ba ta yi wa lambobi kwalliya: abin da na'urar ta auna shi take zana maka. Akwai manhajoji barkatai masu alkawarin gano zinare ko aljanu da waya. Duk na'urori ɗaya suke karantawa, bambancin kawai su suna ƙara ƙarya a kai.

Wayar da ke kwance tana cewa 9.8

Buɗe sashen da aka rubuta wa Acceleration with g, ka kwantar da wayar a kan tebur. Ba ta motsi, amma za ka ga layi ɗaya ya tsaya a wajen 9.8, lambar jan da ƙasa ke yi wa abubuwa. Abin da ke ciki wani ɗan nauyi ne na silikon, ƙarami ƙwarai, rataye da siraran sifirin, yana da haƙora kamar na matsefi da suka shiga tsakanin wasu haƙoran da ba sa motsi. Duk lokacin da nauyin ya ɗan gusa, tazarar da ke tsakanin haƙoran tana canzawa, lantarkin da suke riƙewa ya canza, sai a mayar da shi lamba. A kan tebur, teburin yana tokare wayar, ɗan nauyin kuma yana lotsa sifirin ɗinsa, shi ne 9.8 ɗin. Da wannan ne waya take sanin ka juya ta a kwance ko a tsaye.

Sai ka sake ta ta faɗi a kan katifa daga tsayin santimita 50. Yayin da take cikin iska lambar za ta sauka kusan sifili, domin wayar da ɗan nauyin suna faɗuwa tare, babu mai danna wani. Auna faɗin wannan rami a jikin zanen: ya kamata ya kai wajen sakan 0.32. Daga mita ɗaya kuwa 0.45 ne, ba ninki biyu ba, saboda abin da ke faɗuwa ƙara gudu yake yi. In lambar ba ta sauka sosai ba, wayar ta juya ne a iska. Na'urar ba a tsakiyar waya take ba, don haka juyawa kaɗai yana ba ta abin karantawa. Riƙe ta a kwance da yatsu biyu, ka buɗe yatsun lokaci ɗaya. Katifa ta zama mai faɗi, don waya takan yi tsalle bayan ta sauka.

Kada ka damu in taka ta nuna 9.6 ko 10 a kan tebur. Ƙaramin kuskuren saiti ne daga masana'anta. Auna tana kallon sama, ka kifa ta ka sake aunawa, ka haɗa lambobin biyu ka raba biyu ba tare da kula da alamar ragi ba. Misali 9.95 da 9.67 za su ba ka 9.81.

Wannan 'yar na'ura ce Google ya fara amfani da ita a 2020 wajen gano girgizar ƙasa: wayoyin Android da ke ajiye a jikin caja suna aika alama idan suka ji irin motsin, in dubbai a yanki ɗaya suka aiko lokaci guda sai a san ba tebur aka buga ba. Ƙanƙantar irin waɗannan sassa tana da nata abin mamaki. A 2018 labari ya zaga intanet na wani asibiti kusa da Chicago inda iskar hiliyom ta zubo lokacin da ake girka injin MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, wayoyin iPhone na ma'aikata suka sandare, na Android kuwa ko a jikinsu. Ƙwayoyin hiliyom ƙanana ne har suna ratsa murfin ɗan agogon silikon da ke ba wayar bugun lokaci. Bayan kwanaki iskar ta fice, da yawansu suka farfaɗo.

Auna gudun sauti da tafi biyu

Wannan shi ne gwajin da ya fi cancantar ɓata lokaci, don amsar da yake bayarwa tana kusa da ta littafi in an yi shi da kyau. Ana bukatar waya biyu masu phyphox, mutum biyu, tef ɗin awo, da fili marar hayaniya nesa da bango.

A kowace waya a buɗe Acoustic Stopwatch. Agogo ne da ƙara ke tayarwa, ƙara ta biyu ta tsayar da shi. A ajiye wayoyin a tazarar mita 5, a auna daga makirufo zuwa makirufo, wanda yawanci yana gindin waya kusa da ramin caja. Mutum na farko ya yi tafi ɗaya a wajen waya ta farko: agogonta ya tashi nan take, na ta biyu kuma sai sautin ya iso. Bayan kamar sakan ɗaya ko biyu, mutum na biyu ya yi tafi a wajen waya ta biyu: tata ta tsaya nan take, ta farko sai sautin ya iso mata. Ka ga ta farko ta riga tashi kuma ta makara wajen tsayawa. Bambancin lokutan biyu shi ne lokacin da sauti ya ɗauka ya yi tafiyar sau biyu, wato mita 10. Daɗin tsarin shi ne ba ruwansa da saurin hannun kowa, kuma tsawon jiran da aka yi tsakanin tafin biyu yana ɓacewa a cikin ragi.

A ce ta farko ta nuna sakan 1.532, ta biyu 1.503. Bambanci 0.029. Raba 10 da 0.029, ka samu mita 345 a sakan. Amsar littafi ita ce 343 idan zafin iska digiri 20 ne a ma'aunin Selsiyos. Da zafi sauti ya fi gudu: lissafin shi ne 331 a ƙara 0.6 sau yawan digiri, don haka a digiri 35 ka sa ran wajen 352. Wanda ya auna da rana tsaka ya samu 350 bai yi kuskure ba.

Wuraren da ake tuntuɓe kusan kullum ɗaya ne. Na farko amsa-kuwwa: tafin farko ya daki bango ya dawo, agogo ya ɗauka tafi na biyu ne, ya tsaya a 0.1 ko 0.2. Akwai gurbin Minimum Delay, a ɗaga shi zuwa rabin sakan, wayar za ta toshe kunne na wannan ɗan lokacin. Na biyu gurbin Threshold, wato ƙarfin ƙarar da za ta tayar da agogo. In ya yi ƙasa, iska ko takun ƙafa ya isa. In ya yi sama, wayar da ke nesa ba za ta ji ba. A daidaita shi da gwaji kafin a fara rubuta sakamako. Tafin hannu yana da laushi a farkonsa, buga katako biyu ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba: inda aka tsaya aka yi tafin. In mai tafi ya miƙa hannu tsakanin wayoyin biyu, ko da santimita 30 ne, ya rage wa sauti hanya zuwa waya mai nisa kuma ya ƙara masa zuwa ta kusa, kuskuren ya zama santimita 60 a tafi ɗaya. Mafita ita ce kowa ya yi tafinsa a bayan wayarsa, a kan layin da ya haɗa wayoyin biyu. A nan ko ya ja baya da taku guda babu komai, domin ƙarin tafiyar ya shafi wayoyin biyu daidai wa daida.

Abin da ya rage shi ne ƙanƙantar lokacin. A mita 5, kuskuren kashi ɗaya cikin dubu na sakan yana karkatar da amsa da kusan mita 12 a sakan. A mayar da tazarar mita 10, bambancin ya koma wajen 0.058, kuskuren ya ragu da rabi. A maimaita sau goma, a zubar da waɗanda suka fita daban ƙarara, a ɗauki matsakaicin sauran. Af, wannan lambar ce ke bayan ƙidayar da ake yi tsakanin walƙiya da tsawa: kowane sakan 3 kilomita ɗaya ne.

Matsin iska da maganaɗisu

Ba kowace waya ke da ma'aunin matsin iska ba. iPhone ya fara samunsa daga iPhone 6 a 2014, manyan wayoyin Android da dama suna da shi, masu araha galibi babu. In babu, sashen Pressure zai fito a dushe. In akwai, ajiye wayar a ƙasa ka jira layin ya natsu, sannan ka ɗaga ta sama da kanka. Za ka ga lambar ta sauka da wajen hektofaskal 0.2, ma'aunin matsin iska ke nan. Ƙa'idar ita ce kusan 0.12 a kowace mita, wato hektofaskal ɗaya a kowace mita 8 da 'yan kai. Hawa bene ɗaya mai mita 3 zai ba ka kamar 0.35, kuma matakalar tana fitowa a zanen ƙarara. Sai dai a gama awon cikin 'yan mintoci, don yanayi da kansa yana motsa lambar fiye da haka a cikin yini. A ƙasashe masu zafi ma matsin yana hawa yana sauka sau biyu kowace rana, ƙololuwarsa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare. Bar waya a jikin caja kwana guda tana aunawa za ka ga tudun nan biyu. Rufe ƙofa da ƙarfi a ɗaki mai rufaffun tagogi ma yana barin ɗan tsini a layin.

Masu sayen wayar hannu-biyu suna da wata dabara da wannan: a wayar da aka yi ta don jure ruwa, in ka matsa fuskarta da babban yatsa a hankali, matsin da ke ciki yana ɗan tashi, saboda iskar ba ta da hanyar fita da sauri. Cire tiren sim ka sake matsawa, ba zai tashi ba. Wayar da ba ta nuna bambanci tsakanin biyun, wataƙila an taɓa buɗe ta. Alama ce kawai, ba lasisin jefa waya a ruwa ba.

Na maganaɗisu ba ya bukatar dogon bayani. A fili zai nuna tsakanin mikrotesla 25 zuwa 65, gwargwadon inda kake a duniya. Wannan ƙarfin maganaɗisun ƙasa ne, da shi kamfas ɗin waya yake aiki. Zagaya da ƙusa a bayan wayar, inda lambar ta fi tsalle nan na'urar take. Da wannan gefen na wayar za ka iya laluben rodi ko ƙusa a cikin bango, in bai yi zurfi ba. Zinare, tagulla da alminiyom ba sa motsa ta. In kamfas ya rikice, cire rigar waya mai maganaɗisu, ka juya wayar a iska kamar kana zana lamba 8.

Bakan gizo a cikin kwali

A koma ga kyamara, amma a ƙara mata tsohon faifan CD. Launukan da ke wasa a bayan faifai suna fitowa ne daga layukan da aka rubuta bayanai a kai, masu tazarar mikromita 1.6, wato layi 625 a milimita ɗaya. Layuka masu matsi haka suna karkatar da kowane launi zuwa kusurwarsa daban. In aka tsare hasken ya shigo ta siririyar tsaga, sai faifan ya baje shi launi-launi, a ga abin da fitila ta ƙunsa.

Nemi kwali mai tsawon santimita 20 zuwa 30. A gefe ɗaya ka yanke ƙaramar taga, ka manna reza biyu a kanta baki da baki, ka bar tsaga a kwance da ba ta wuce rabin milimita ba. Kaurin katin sim ya yi mata yawa, kaurin takarda biyu zuwa uku ya fi dacewa. A ɗaya gefen ka tsaga kwalin ka zura faifan, ɓangare mai sheƙi yana kallon sama da wajen tsagar, ya jingina da kusurwar digiri 30 daga ƙasan kwalin. Sai ka huda ramin leƙe a saman kwalin daidai kan faifan. Kusurwar tana da muhimmanci: a digiri 45 faifan madubi kawai zai zama, hoton tsagar fari fat za ka gani. Sashen faifan da ke ƙarƙashin ramin ya zama inda layukansa suka kwanta daidai da tsagar, wato a kan layin tsakiyar kwalin, ba can gefe ba. Toshe duk wata kafa da baƙin salatif, don haske ɗan kaɗan da ya sato hanya yana wanke launukan.

Yanzu saita tsagar ga fitilu daban-daban. Tsohon ƙwai mai zare a ciki yana ba da bakan gizo cikakke, babu giɓi. Dogon ƙwai fari da ƙwan nan mai murɗe kuwa layuka ne tsaye daban-daban, da duhu a tsakaninsu: shuɗi mai sirkin shunayya a nanomita 436 da kore a 546, duka na sinadarin makuri da ke cikin ƙwan, sai ja mai ruwan lemo a 611 daga farin garin da aka shafe cikin gilashin da shi. Farin LED labarinsa daban: shuɗi mai ƙarfi a wajen 450, sai ɗan rami, sai faffaɗan kore da rawaya da ja. Wato farin LED shuɗi ne aka lulluɓe da sinadari mai mayar da wani kaso nasa rawaya. Ƙirƙiro shuɗin LED ɗin ne ya ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Farar fuskar wata wayar kuma za ta rabu gida uku, ja da kore da shuɗi.

Rana kuwa kada a saita mata kwalin kai tsaye, ido da kyamara duka suna iya lalacewa. A saita ga farar takarda da rana ta haska, ko farin gajimare. In tsagar ta yi siriri sosai za a iya hango siraran layuka masu duhu a cikin launukan, waɗanda Joseph von Fraunhofer ya zana a 1814; wanda ya fi sauƙin gani yana cikin rawaya, a 589, na sinadarin sodiyom. Faifan DVD, mai tazarar mikromita 0.74, ya fi baje launuka kuma ya fi nuna su, amma sai an sake laluben kusurwa.

Wajen ɗaukar hoto, manna kyamarar a ramin leƙe, ka danna ka riƙe don kulle saitin gani, sannan ka ja hasken ƙasa sosai. Kyamara in an bar ta da ra'ayinta za ta ga duhun kwali ta buɗe ido, layukan su ƙone su zama fari. In layukan sun yi kauri sun haɗe, tsagar ta yi faɗi. In sun fito da zane-zane da suka ratsa su, bakin rezar ne ke da datti ko tsatsa. Launin da hoto ya nuna ba abin dogaro ba ne, matsayin layin shi ne ma'auni. Ɗauki hoton dogon ƙwai, ka ƙirga ɗigon hoto tsakanin layin 436 da na 546. Tazararsu nanomita 110 ce. In ka samu ɗigo 220, kowane ɗigo rabin nanomita ke nan, kuma jan layin ya kamata ya faɗo wajen ɗigo 130 bayan koren. In ya faɗo nan, sikelinka ya zauna, za ka iya auna kowace fitila da shi muddin ba ka motsa faifan ko kyamarar ba.